Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sufuri: A Sa Mana Gado a Jirgin Kano Zuwa Legas

Zuwa ga Mai Girma Ministan Sufuri na Tarayya,
da Shugaban Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Mahaifina fataucin goro ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, yana saro shi a Shagamu da Agege yana kawowa gida, ni kuma na gaji hanyar ko da yake ban gaji kayan ba. A shekara nakan sauka Legas sau shida ko bakwai. Saboda haka ba da ilimin injiniya nake wannan rubutu ba, da ciwon baya nake yin sa.

Ranka ya daɗe, roƙona guda ɗaya ne. A cikin wannan sabon layin dogo da ake ta shimfiɗawa gutsure-gutsure tsakanin Legas da Kano, a tanadi jirgin dare mai taragan kwana, wanda mutum zai shiga bayan la'asar, ya miƙe ƙafa a kan gado, ya farka a wani gari. Kuma a sa gadon talaka a cikin lissafin tun yanzu, kafin a ba da kwangilar sayen taragai. Tun ran gini ran zane.

Bari in faɗi inda na samo wannan kwaɗayi.

A ƙarshen 2012 aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano bayan gyaran tsohon layi. A lokacin yana tasowa daga tashar Iddo ta Legas ranar Juma'a, ya juya daga Kano ranar Litinin. Cikin 2013 ƙanwata da ke aure a Agege ta haihu, Hajiyarmu ta ce atafau sai ta je ta yi mata wankan jego da hannunta. Hajiya kuwa gwiwa ta riga ta ci ta, ko zaman tahiya sai a kan kujera. Jirgin sama ta ce ita da shi sai Makka. Mota kuma ni na ce ban yarda ba. Sai na yanki tikitin ɗakin kwana a jirgin ƙasa.

Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Gado biyu ne, ɗaya a saman ɗaya, ga 'yar taga, ga wurin wanke hannu, ga ƙofa mai sakata. Hajiya ta ɗauki na ƙasa, ta tura jakarta ƙarƙashinsa, ta ajiye butarta a kusurwa, ta kwance ƙullin goronta ta ɗora a bakin taga kamar wadda ta tare a sabon ɗaki. Muka wuce Zariya, muka wuce Kaduna, duhu ya same mu a hanyar Minna. Ta yi sallolinta a zaune a bakin gado, ta ci dambun naman da ta yo guzuri, ta ja mayafi. Ban ƙara jin motsinta ba. Ni ina sama ina sauraron ƙafafun jirgi suna bugun mahaɗar ƙarfe, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, wani lokaci a tsaya a wata 'yar tasha da ba ka ganin komai sai fitilar mai shayi da muryar yara masu tallar ƙwai. Da muka hau gadar Jebba sai ƙarar ta sauya, ta koma wani irin amo mai zurfi kamar ana kaɗa ganga a cikin rijiya. Shi ne ya tashe ta. Ta leƙa taga ta ga Kwara shimfiɗe, hazo na tashi a kan ruwa, ta yi salati, ta ce ashe wannan ne kogin da Malam yake ba su labari shekara da shekaru.

Tafiyar ta haura awa talatin, kowa ya san haka jirgin yake a lokacin. Amma tsohuwar nan ta sauka da ƙafarta, ta karɓi jaririya ta goya kafin a kai kayanta ɗaki.

Shekara biyu bayan nan na yi irin wannan tafiya da ƙanwar mahaifina a babbar motar dare ta wani kamfani da ba zan kama sunansa ba. Tun da hantsi ta daina shan ruwa, don ta san ba za a tsaya mata inda ta ga dama ba, in ma an tsaya bakin daji ne, maza na gefe. Haka matanmu suke yi, duk wanda ya saba hanyar ya sani. Kujera ba ta kwantuwa, an cusa buhuna a tsakanin layi, ga wani ya ɗora maka kai a kafaɗa tun daga Tegina. Ina kallon direba ta madubi, idonsa jajur, yana tauna goro yana watsa wa fuskarsa ruwa. Da muka isa sai da aka kama ta aka sauko da ita, takalmi ya ƙi shiga ƙafa. Kwana uku tana jinya. Kuma mu masu gata ne. A je kasuwar Mile 12 ta Legas ko kasuwar shanu da asuba a ga yadda 'yan'uwanmu 'yan ci-rani suke dirowa daga saman tirela, sun kwana a kan buhunan albasa ko a kan katako bisa ƙahonin shanu, fuska duk ƙura. Idan tirelar ta faɗi, labari ɗaya ake ji a rediyo, a faɗi adadi a wuce. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha gargaɗi a kan tafiyar dare da kuma haɗa mutane da kaya, gargaɗin kuma gaskiya ne. Sai dai wanda kuɗin motarsa ke nan, in ka hana shi hawa tirela, me ka ba shi?

Ba sabon abu muke nema ba. Tun 1911 layin Baro ya iso Kano, a 1912 aka haɗa shi da na Legas. Kafin a kammala gadar Jebba, a jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Wannan layin mai tsawon kilomita 1,100 da ɗoriya shi ya tayar da dalar gyaɗa a Kano, shi ya kai shanu kudu ya dawo da goro, shi ya raya Sabo ta Ibadan da zangon Agege. Rassa suka fita, ɗaya daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, ɗaya daga Kano zuwa Nguru, daga baya na Maiduguri ya isa a 1964. Ita kanta Hukumar Jiragen Ƙasa an kafa ta a 1955. Iyayenmu sun kwana a jirgi, sun san taragon cin abinci, sun san sitashamasta da farar rigarsa. Yaron da aka haifa a Kano yau kuwa, in ka ce masa ana barci a gado cikin jirgin ƙasa, sai ya ɗauka labarin ƙasar Sin kake ba shi.

Na yaba da abin da aka yi, ba zan ɓoye ba. Layin Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 ya fara aiki a 2016. Na Itakpe zuwa Warri an buɗe shi a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021. A 2021 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Na hau na Kaduna zuwa Abuja, daga tashar Rigasa zuwa Idu, ba sau ɗaya ba, kujera mai laushi, sanyi har ya yi yawa. To amma duk waɗannan gajerun zango ne, tafiyar 'yan awanni, kujera ta wadatar. Tsorona shi ne kada ido ya saba da kujera, har ranar da aka haɗe layin daga Apapa zuwa Kano a ɗauko irin waɗannan taragai a jera, a ce an gama.

A yi lissafi mai sauƙi. Ko da jirgin zamani zai riƙa cin kilomita 90 a kowace awa, in aka ƙara da lokacin tsaye-tsayen tasha, tafiyar da ta haura kilomita dubu ba za ta gaza awa 13 ko 14 ba. Idan da rana aka yi ta, an cinye wa ɗan kasuwa yini guda cur, ya isa Legas cikin dare, ya nemi masauki ya biya, ko ya kwana a tasha rungume da jaka. Idan kuwa da dare ne, ya rufe shago a Kwari ko Singa bayan la'asar, ya yi magariba da isha'i a jirgi, ya kwanta, hantsi ya same shi a kasuwar Balogun ta Legas yana ciniki. Da yamma ya sake hawa, washegari yana gida. Dare biyu da dama barci zai yi a cikinsu, yini ɗaya tak ya bar kasuwa, kuma bai biya kuɗin otal ba. Mai zuwa asibiti, ɗalibi mai komawa makaranta, ma'aikacin da iyalinsa ke Kano shi yana Ikko, duk wannan lissafin ya hau kansu.

Kenya ta isa misali. Shekaru da yawa suna da jirgin dare tsakanin Nairobi da Mombasa, mai ɗakunan kwana da taragon abinci. Da sabon layin zamani ya fara aiki a 2017, tsohon jirgin ya tsaya, sabon kuma kujeru ne. Su abin bai dame su sosai ba domin tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, awa biyar zuwa shida an isa. Tamu ta ninka tasu fiye da sau biyu. In muka kwafi tsarinsu ido rufe, tsofaffinmu ne za su biya da gwiwoyinsu.

Ba ma sai an je da nisa ba. Na taɓa bin wani abokin ciniki zuwa Kamaru, muka hau jirgin dare daga Ngaundere zuwa Yawunde. Kilomita 600 da wani abu ne, ana tashi da yamma a isa da safe. Akwai ɗaki mai gado biyu, akwai mai gado huɗu, akwai kuma kujeru ga wanda bai da hali. Ma'aikaciya ta zo ta tambayi abin da za mu ci, da safe aka kawo shayi da burodi. A tashoshin hanya mata na miƙo zuma da ayaba ta taga. Rabin taragonmu Hausa da Fulatanci ake yi, har wani dattijo ya tambaye ni ko jirgin Kano yana nan, domin ya hau shi yana saurayi. Na rasa amsar da zan ba shi, sai na ce ana gyara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, faɗin layinsu mita ɗaya ne, wato bai ma kai faɗin tsohon layinmu mai milimita 1,067 ba. A kan wannan siririn ƙarfe suke kwantar da mutane su tashe su lafiya. Masar ma tana da nata daga Alƙahira zuwa Aswan. A Turai kuwa, lokacin da kamfanin jiragen Jamus ya yar da jiragensa na kwana a ƙarshen 2016, na Ostiriya ya karɓi wasu hanyoyin ya sa musu suna Nightjet, har daga baya ya sayo sababbin taragai. Mutanen da jirgin sama ya yi musu araha ke nan, suna komawa gado a kan dogo.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Na san halin ƙasarmu. Da zarar an ce taragon kwana, abin da zai zo a zuciyar mai zane shi ne ɗaki mai kafet da talabijin na manyan mutane, tikitinsa ya yi kusa da na jirgin sama. A yi wannan ɗin, ba na hassada, kuɗinsu ma zai taimaka wajen riƙe sauran. Amma mai wannan kuɗin ba shi ne yake kwana a kan buhun albasa ba. Duk wanda ya kai majinyaci Indiya ya hau jirginsu ya ga yadda suke yi: gadaje hawa uku a jere, na tsakiya a naɗe shi da rana ya zama majingina, da dare a ɗaga shi a rataye da sarƙa. Ba kafet, ba ƙawa, katifa ce siririya mai rufin leda da ake iya gogewa. Tarago ɗaya yana kwantar da mutum fiye da sittin. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu su ma sun san mai gado shida na ƙasar Sin. Irin wannan nake roƙo ya zama shi ne mafi yawa a jirgin, a kuma sa kuɗinsa kusa da na motar dare, yadda mai sayar da albasa zai iya cewa gara in ƙara kaɗan in kwanta.

A Indiya ɗin kuma akwai wata ƙa'ida da ta burge ni, gadon ƙasa ana fifita tsofaffi da masu juna biyu a kansa. Wannan ba ya cin ko kwabo, tsari ne kawai a wajen yankar tikiti. A ƙara da taragon mata zalla, mai ma'aikaciya mace, domin akwai magidanta da yawa da ba za su bar iyalinsu su kwana a buɗaɗɗen wuri tare da maza baƙi ba, su ma matan ba za su sake ba. Sai ruwa. Ranka ya daɗe, ruwa shi ne mutuncin jirgin kwana. Bayan gida irin na tsuguno da na zama duka biyu, famfo a ƙasa inda mutum zai wanke ƙafa ba tare da ya ɗaga ta cikin kwanon wanke fuska ba, tanki kuma a riƙa cika shi a manyan tashoshi kamar Minna da Ilorin. Wanda ya zana tarago a wata ƙasa bai san buta ba, sai an gaya masa. A bar ɗan fili a ƙarshen tarago da mutum biyu ko uku za su tayar da salla, matafiyi dama ƙasaru yake yi yana haɗawa, ba zai daɗe ba. A sa wurin cajin waya a kan kowane gado, da akwatin ƙarfe a ƙarƙashi mai wurin maƙala kwaɗo. Taragon kaya kuma a haɗa shi da jirgin, a auna a ba da rasit, don kada dilolin atamfa su toshe hanya.

Na san abin da za a ce mini, ni ma shi ne ya sa na daɗe ban rubuta wannan wasiƙa ba. Daren 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, suka buɗe wa jirgin yamma wuta, aka kashe mutane, aka kwashe fiye da sittin zuwa daji. Na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai Disamba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Babu mai hankalin da zai ce a tura jirgi cike da mutane masu barci ya ratsa dazukan Neja da Kaduna a haka kawai, a ce Allah ya kiyaye. Allah yana kiyayewa, amma Manzon Allah (SAW) ya ce a ɗaure raƙumi.

Sai dai a tuna, rashin jirgin dare bai hana kowa tafiyar dare ba. Mutanen suna nan a kan titi kowane dare, mota ɗaiɗai, ba mai gadi, ba wanda ya san sunayensu. Tsare jirgi ɗaya mai ɗauke da mutum ɗari bakwai a kan layi ɗaya da aka san inda ya bi, ya fi sauƙi a kan tsare motoci hamsin da suka watsu. A sa ƙaramin kan jirgi ko motar sintiri ta dogo ta riƙa wucewa gaba da 'yan mintuna tana duba layi. A sa jami'an tsaro a ciki, a tabbatar akwai hanyar sadarwa da ba ta yankewa a tsakiyar daji. Tikiti da lambar shaidar ɗan ƙasa, kamar yadda aka koma yi a layin Kaduna. Abu mafi araha kuma, a ɗauki mutanen ƙauyukan da layin ya ratsa aikin duba dogo, a biya su a kan lokaci ta hannun da za su gani. Da can akwai leburorin reluwe masu bin layi a ƙafa da guduma suna ƙwanƙwasa ƙarfe. Wanda yake cin abinci daga dogo ba zai zuba ido ɓarayin ƙarfe su kwance kusoshinsa ba, kuma shi zai fara ganin baƙuwar fuska. Idan hakan bai samu ba tukuna a wani yanki, a tsara lokaci yadda jirgi zai ratsa wurin da sauran haske, dare ya same shi a inda hankali ya fi kwanciya.

Shi kuma tsohon layi, kada a bar shi ya mutu ana kallo da sunan jiran sabo. Tsakanin Ibadan da Abuja har yanzu da sauran aiki babba, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. Ruwa yana yi wa tsohon layin ɓarna a yankin Neja, ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 kowa ya ga abin da ta yi. A gyara wuraren da suka karye, a gyara taragan kwanan da suke ajiye, a dawo da jirgin ko sau ɗaya ne a mako. Ko ba komai ma'aikata za su koyi aikin, domin kula da gado sana'a ce daban: wankin zannuwa, feshin maganin kuɗin cizo, tashin fasinja kafin tasharsa, sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Waɗanda suka iya wannan aiki yawancinsu sun yi ritaya. A nemo su tun suna raye su koya wa yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwamnoninmu na Arewa su ma ina tsokano su ta nan. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun Tarayya ita kaɗai, jihohi na da ikon shiga. Jihar da ta iya sayen motocin safa ɗari ta raba, za ta iya haɗa kuɗi da maƙwabtanta a sayi taragan kwana goma. In layin Maraɗi ya kammala, 'yan'uwanmu na Katsina da Damagaram da Maraɗi su ne za su fi kowa nisan tafiya zuwa bakin teku.

Abin da nake so daga ofishinku, ranka ya daɗe, ba dogon jawabi ba ne. A fito a gaya wa jama'a, cikin taragan da aka saya da waɗanda za a saya domin layin Legas zuwa Kano, nawa ne masu gado, kuma cikin masu gadon nawa ne na mai ƙaramin ƙarfi. In babu ko ɗaya a takarda, a sa su kafin a sa hannu. In ana buƙatar jin ta bakin masu bin hanyar, a zo Mariri, a zo Kwari, a zo 'Yankaba, a aika Agege da Mile 12, za a samu masu bayani har a gaji.

Jaririyar da Hajiya ta je yi wa wanka yanzu ta zama budurwa, tana makarantar sakandare. Hajiya ba ta ƙara taka Legas ba tun daga wancan zuwan. Duk sanda aka yi maganar zuwa sai ta ce in jirgin nan mai gado ya dawo a gaya mata.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Ikko,
daga Fagge, Kano.